Madubin Bindigar Baba

Jama'a, kafin in ba ku labarin ranar da dangin Yoila suka zo gaisuwa gidanmu, akwai wani abu da ya kamata ku sani, wanda ko ƙawayena na ƙungiyar mawaƙa ba su sani ba. Duk wata kurciya da aka ci a cocinmu ta unguwar Mairi da sunan Baba Dzarma a 'yan shekarun nan, ni Ketura na harbo ta. Eh, ni ɗin nan mai jan farce da ɗaurin ɗankwali a karkace. Kada ma ku ce in ji kunya, don ba zan ji ba.

Babana tsohon hedimasta ne, amma ba da alli aka fi saninsa ba. Yana da bindigar iska, irin wadda ake karya bakinta a saka 'yar dalma guda a mayar. Bayan gidanmu akwai lambu mai katanga, da 'yar dawa da bishiyar maina, wato darbejiya, kurciyoyi kuwa kamar an aiko su. Duk shekara ranar godiyar kaka, Baba yakan kai kwandon ƙyafaffun kurciyoyi coci a yi gwanjonsu, dattawa su yi ta kokawa a kai. Mai shela ya ɗaga kwando ya ce, "Na Baba Dzarma, wanda ba ya kuskure!" Coci ta ɗau tafi.

Sai yana ta fara rufe wa Baba ido. Likita ya ce sai an yi aiki, Baba ya ce sai ya shirya, aka yi ta jira bai gama shirin ba. Ni dama tun ina ƙarama nake bin sa lambu ina riƙe masa gwangwanin dalma, a nan na koya. Da idon ya yi nauyi sai muka yi musaya: shi a kujerar roba da hularsa, ni da bindiga a kafaɗa. Bindigar ba ta da ƙara, wani ɗan "tas" ne kawai, maƙwabta in sun ji sai su ce Malam ya fara. Mu uku muka sani, ni da shi da Mama.

Mama kuwa kullum maganarta ɗaya ce.

"Ketura, ki rufa min asiri. Wane namiji ne zai kai wa uwarsa mace mai harbi? Ga 'yan uwanki duk sun shige ɗakunansu, ke kina nan kina ƙamshin man bindiga."

"Mama, ai ina fesa turare a kai."

"Ki yi ta wasa. Wannan yaron Allah ne ya kawo shi. Kika kore shi da halinki, ni da ke ne."

Yaron da take nufi shi ne Yoila, malamin lissafi a wata sakandare. Dogo, baƙi, mai wushirya, ga sanyin magana kamar ba zai iya tsawata wa ɗalibi ba. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. In wayata ta yi ƙara na ga sunansa, har tuwo nakan bari ya kama. Amma duk hirar da muka sha a ƙofar gida, ban taɓa ce masa ga abin da nake yi a lambu ba.

Wata safiya ina gugar atamfar da zan sa zuwa aiki, sai ga saƙonsa:

"Ketu, na samo kyautar da zan kawo wa Baba ranar gaisuwa. Madubin bindiga! Wanda ake ɗorawa a sama ya jawo tsuntsu kusa. Na lura idonsa ya ɗan rage. Ki raka ni mu zaɓa."

Na ajiye dutsen guga na zauna a bakin gado. Wayyo Yoila! Zuciyar kirki, amma ina! Idon da yana ta rufe, ko madubin da ake hango wata da shi ka kawo, hazo zai jawo masa kusa. Na rubuta "Ka sayo masa shadda kawai," na goge. Na rubuta "Akwai maganar da zan faɗa maka," na goge. Ƙarshe abin da na tura shi ne, "To, Allah ya kai mu."

Kuma in faɗa muku gaskiya? Wani ɓangare na zuciyata rawa yake yi. Na daɗe ina kallon madubin nan a waya ina haɗiyar yawu.

Da na gaya wa Mama, sai da ta dafe ƙirji. Ta bi ni har ƙofa tana gyara min mayafi.

"In kun je, ki kame bakinki. Duk abin da ya ɗauka ki ce ya yi kyau. Kin ji ni ko?"

"Na ji, Mama."

Ba mu tafi da bindigar ba, kun san garinmu. Wa zai shiga keke da abu mai kama da bindiga ya bi ta shingen bincike? Sai dai in ka gaji da kwana a gidanku. Haka muka tafi hannu rabbana, Yoila cikin farar riga ya soke ta a wando, ni da doguwar riga ruwan zuma. Tun daga nesa warin bandar kifi ya tare mu a kasuwar Baga Road. Bayan rumfunan kifin akwai shagon Malam Ya'akubu, wani Bakano mai sayar da koma da ƙugiya da tocila. Dalmar Baba ma a wurinsa ake saye, amma Mama ke zuwa, bai san fuskata ba.

Sai da ya tambayi wanda za a saya wa. Da ya ji sunan Baba, ya washe baki.

"Malam Dzarma na Mairi? Ai sai ku zauna. Ba kowa nake fito wa da su ba."

Ya jawo kwali daga ƙarƙashin kanta ya jera mana guda uku. Idon Yoila ya faɗa kan babban, wani zabgege mai bakin gilashi kamar murfin kofi, ga wani maɓalli da in ka murɗa sai jar wuta ta kama a ciki. Da aka faɗi kuɗinsa sai ya shafa aljihu. Aljihun malamin makaranta ne, ga hidimar aure a gaba. Amma ya dake.

"Shi za mu ɗauka. Baba ya wuce a kai masa ƙaramin abu. Ko ya kika gani, Ketu?"

Na ce a raina, Ketura, ki ce ya yi kyau. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa:

"Ba zai zauna ba."

Duk suka juyo.

"Ƙafarsa ta yi faɗi. Layin da ke saman bindigar Baba siriri ne, bai wuce faɗin farcen nan nawa ba." Na ɗaga yatsa da jan farcensa. "Kuma bindigar mai sifirin ce. In ta tashi, baya take dukawa ta sake dukan gaba. Irin wannan mai kayan ciki da yawa, kafin gwangwanin dalma ya ƙare zaren saitin da ke cikinsa ya karkace. Ka auna kai, ka sami reshe."

Na riga na zubar, sai na ƙarasa. Na ɗauki ƙaramin, baƙi, ba wuta ba ado, mai jawo abu ninki huɗu kawai. Na juya ƙafarsa na ga 'yar ƙusar da ke hana shi zamewa baya. Na ɗaga shi nesa kaɗan da idona, na auna wata tarwaɗa da ke rataye a rumfar can. Har gashin bakinta na gani tar.

"Wannan. Lambunmu ba shi da nisa, abin da ake bukata haske ne da ƙwari. Kuma ba zai cinye maka albashi ba."

Malam Ya'akubu ya dube ni ta saman tabarau.

"'Yan mata, wa ya koya miki riƙe shi haka? Duk wanda ya zo nan manna shi yake yi a ido."

"Ina ganin Baba ne," na ce, na sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki.

Yoila ya zaro kuɗi. Ya biya, aka naɗe a jarida aka saka cikin leda tare da kifin da ya saya wa Mama. A keke kuwa shiru, sai kallona yake ta gefen ido. Da muka sauka ya ce, "Na gode, Ketu," ya tafi. Har yamma ba saƙo, ni kuma na yi ta duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Ranar gaisuwa tun asuba Mama ta tashe ni. Aka share tsakar gida, aka turare falo har labule ya kama ƙamshi, aka fito da kofunan da ba a taɓa su sai Kirsimeti. Tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, soyayyar kaza, zoɓo mai sanyi. Na sa atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, na kafa ɗauri. Mama ta shinshina hannuna, ta ƙara min humra.

Baƙi biyu suka rako Yoila. Kawu Manasse, ƙanen babansa, mai tumbi da dariya, wanda duk shekara shi ke cinye gwanjon kurciyoyin nan. Sai Anti Gloria, yayar mamansa, mai ɗaurin gwaggwaro da ido kamar na mai duba jarrabawa. Tun da na durƙusa na gaishe ta take auna ni daga ɗauri har takalmi.

Aka yi addu'a, aka ci, aka gabatar da abin da ya kawo su. Komai lafiya lau. Sai Yoila ya durƙusa gaban Baba ya miƙa masa kwalin da hannu biyu. Baba ya shafa shi da yatsu, ya gane ko mene ne, na ga fuskarsa ta ɗan canja. Ya yi godiya, ya sa albarka, yana shirin turawa ƙarƙashin kujera.

Kawu Manasse ya tafa hannu.

"A'a, Malam! Ai ba za a ɓoye ba. Shekara da shekaru ina cin kurciyarka, ban taɓa ganin harbinka ba. Yau sai na gani da idona!"

"Rana ta yi zafi, Kawu," in ji Mama da sauri. "Ga zoɓo, a ƙara."

"Zoɓo ba zai gudu ba, Maman Ketura. Mu je lambun."

Yoila ya ce, "Kawu, a bar shi wani lokaci," amma mutumin ya riga ya miƙe yana gyara babbar riga.

Haka muka ɗunguma lambu. Baba ya ɗaure madubin da kansa, don hannunsa ya san bindigar nan ko a duhu. Kawu ya ɗauki murfin kwalbar lemo ya je ya manna shi a jikin maina da ƙaya, ya dawo yana haki. Ni ina tsaye bayan Mama da tire a hannu.

Baba ya karya bindiga, ya saka dalma, ya ɗaga. Ya kai ido. Ya daɗe a haka. Ni kaɗai na lura bakin bindigar ba ma bishiyar yake kallo ba, katanga yake kallo, can gefen da Mama ke shanya. Mutumin da ya koyar da rabin unguwar nan, wanda ake tafa wa a coci, ga shi zai harbi bango a gaban surukai. Idona ya ciko. Na yi niyyar in saki tiren ya fashe, ko hankali ya dawo kaina.

Sai Baba ya sauke bindigar a hankali.

"Manasse," ya ce, "ban ga murfin ba. Bishiyar ma inuwarta kawai nake gani. An daɗe ana haka."

Sannan ya ci gaba.

"Kurciyar da kake ci kuwa, ba ƙarya a cikinta, daga lambun nan take. Sai dai hannun da ya harbo ta ba nawa ba ne." Ya juyo wajen da yake jin ƙamshin humrata. "Ketura, ajiye tiren nan ki zo."

Mama ta damƙe min siket ta baya. "Baban Ketura, don Allah..."

"Sake ta. Ni na koya mata, kuma ta fi ni. In za su ɗauke ta, su san wadda suka ɗauka."

Jama'a, ban san lokacin da na cire takalmi mai tsini ba. Na tura ɗaurina baya, na karɓi bindigar. Ƙotarta ta zauna a kafaɗata inda ta saba. Na kai ido, sai ga murfin nan ya taso gabana har ina karanta rubutun kansa. Na ja numfashi, na saki rabi, na taɓa kunama.

Tas! Ɓawon bishiya ya tashi, can sama da murfin ta hannun hagu.

Anti Gloria ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "To, an gani. A mayar wa maza kayansu."

Ko kallonta ban yi ba. Duk wanda ya san abin ya san sabon madubi ba ya zuwa da saiti, sai ka koya masa bindigarka. Na buɗe 'yan murafun da ke sama da gefe, na zare ɗan kunnena na murɗa da bayansa, ƙas ƙas ƙas. Na sake harbi, dalma ta sauka dab da gefen murfin. Na ƙara murɗawa kaɗan.

Baba ya ce a hankali, yadda yake ce min tun ina yarinya, "Kada ki yi sauri. Ba inda zai je."

Na taɓa kunama. Murfin ya yi tsalle ya faɗo ƙasa yana juyi.

Kawu Manasse ya kwasa da gudu da tumbinsa, ya ɗauko, ya ɗaga shi sama. Rana ta ratso ta tsakiyarsa.

"Yesu Mai Ceto! Tsakiya! Malam, ashe duk shekarun nan surukata ke ciyar da ni?"

Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ni kuwa na karya bindigar na rataya a hannu, na tsaya ƙyam. Ban sunkuyar da kai ba, ban ce a yi haƙuri ba. Daɗi ne ya cika ni har wuya.

Anti Gloria ta gyara mayafi. "Mu dai a danginmu ba a taɓa kawo mace maharbiya ba. Ranar da suka yi faɗa fa? Sai na gaya wa uwarsa abin da na gani." Ta nufi ƙofa ko sallamar kirki babu. Kawu ya bi ta yana "Haba Gloria, haba Gloria." Yoila ya durƙusa ya yi wa su Baba sallama, ya karɓi murfin daga hannun kawunsa, ya dube ni sau ɗaya, ya fita. Na kasa karanta fuskarsa.

Mama ta shige ɗaki tana share hawaye. "Shi ke nan, kun huta, ke da ubanki."

Ni da Baba muka rage a lambu. Ya zauna a kujerarsa ta roba, ya ce in ɗaga madubin in gaya masa abin da nake gani. Na ce ga kurciya biyu a reshen sama, ɗaya tana gyara fiffike, har jan idonta ina gani. Ya gyaɗa kai yana murmushi.

"Bana da sunanki za a ɗaga kwandon," ya ce. "Kuma ki gaya wa likitan nan na shirya. Ina so in ga harbin nan da idona."

Na durƙusa na kifa kai a gwiwarsa, na yi kukana mai daɗi.

Rana na shirin faɗuwa ina wanke kofuna wayata ta yi ƙara. Hannuna da kumfa na ɗauka. Hoto ne: murfin nan mai huda, an zura shi cikin makullan Yoila. A ƙasa ya rubuta:

"Tun a shagon Malam Ya'akubu na gane wa na saya wa madubi. Shirun da na yi, haushi ne na ji da ba ki yarda da ni kin faɗa min ba. Yanzu ya wuce. Ban fasa ba, ko da duk dangi za su taru."

Kafin in gama share ido wani ya shigo:

"Anti ta kai rahoto, har da ƙari. Mamana ta saurare ta har ƙarshe. Ta ce ranar Asabar ita da kanta za ta zo ta gan ki."

Na karanta wa Mama. Ta zabura ta miƙe, kuka ya tsaya cak.

"Asabar? Maza ɗauko bindigar nan a tura ta ƙarƙashin gadona, a rufe da tsofaffin zannuwa. In ta tambaya mu ce tsautsayi ne, sau ɗaya kika taɓa!"

Na je na ɗauko ta. Na goge ta da mai har tana sheƙi, na hura gilashin madubin na share da gefen ɗankwalina. Sannan na wuce ƙofar ɗakin Mama, na shiga falo, na buga ƙusa a bangon da ke kallon kujerar baƙi, ƙarƙashin hoton aurensu. A nan na rataye ta.